Ina ya kamata kuɗin kare namun daji ya tafi? Darasi daga Zakuma, Kure da Yankari

Duk wanda aka damƙa wa amanar wani daji a ƙasashenmu, kwamishina ne ko shugaban ƙaramar hukuma ko wata ƙungiya da ta samo tallafi, matsala ɗaya yake fara cin karo da ita: kuɗi kaɗan, masu shawara da yawa. Wannan ya ce a ƙaro ma'aikata a ba su bindigogi. Wancan ya ce bindiga ba ta taɓa gyara daji ba, a je a zauna da mutanen ƙauye. Wani kuma ya shigo da hotunan dabbobin da za a iya sayowa daga kudancin Afirka, a zuba su cikin shinge, a gayyaci manya bikin buɗewa. Duk hanyoyin nan an gwada su, kuma ba a wata uwa duniya ba. An gwada su a Chadi, an gwada a Nijar, an gwada a Bauchi, kuma shekarun da suka wuce sun isa a ga abin da kowacce ta haifar.

Ra'ayina shi ne, kafin a ware ko sisi, a fara gano abin da ke kashe dabbar. Wanda ya zo daga nesa ne da bindiga don ya sayar da haure, ko maƙwabci ne da aka cinye masa gona, ko kuwa dajin ne kansa ke ƙarewa a hannun masu gawayi da masu sassabe? Kowanne da maganinsa, kuma yawancin asarar da aka yi ta zo ne daga ba wa wata cuta maganin wata.

Mu fara da hanyar tsaro, domin ita ce ta fi fitowa fili. Gandun dajin Zakuma da ke kudu maso gabashin Chadi, wanda aka kafa a 1963, yana da faɗin murabba'in kilomita kusan 3,000. A 2002 giwayensa sun haura 4,000. Zuwa 2010 saura kusan 450. Mahara ne ke zuwa a kan dawakai daga wajen Darfur da manyan bindigogi, su buɗe wa garke wuta, su sare haure su juya. Sun san lokacin zuwa, domin da damina ruwa yana mamaye dajin, hanyoyi su yanke, ma'aikata su janye, giwaye kuma su fita wajen iyakar gandun. A 2010 gwamnatin Chadi ta miƙa tafiyar da wurin ga ƙungiyar African Parks. Abin da suka yi ba sihiri ba ne. Sun tsayar da ma'aikata a daji rani da damina, sun share filayen saukar ƙananan jirage, sun ɗaura wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda garke yake ta tauraron ɗan Adam, sun horar da masu sintiri a ƙasa da kan doki, sannan suka raba wa ƙauyukan kewaye rediyon oba-oba don duk wanda ya ga baƙin mahaya ya sanar. Ba a samu wannan a arha ba: a watan Satumban 2012 mahara sun afka wa wata tawagar masu gadi a Heban, wani wuri a wajen gandun, suna sallar asuba, aka rasa mutum shida.

Amma kisan giwa ya kusa tsayawa cik. Abin da ya fi taɓa ni a labarin Zakuma shi ne batun haihuwa. Saboda tsananin firgici da gudu ba dare ba rana, giwayen sun daina haihuwa. A 2011 ɗan giwa ɗaya tak aka ƙirga wanda bai kai shekara biyar ba. A 2018 irin waɗannan 'ya'ya sun haura 100, garken kuma daga baya ya wuce 600. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, kuma sai bayan shekara huɗu ko biyar take sake haihuwa, don haka abin da aka kashe a mako guda sai a yi shekaru ana jiran madadinsa. A irin wannan hali babu zancen zama ana wayar da kai. Wanda ya keto ɗaruruwan kilomita da bindiga ba ya halartar taron dagaci.

Yankari ta jihar Bauchi ta bi wannan hanya daidai ƙarfinta. An keɓe ta tun 1956, aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962, ta zama ta gwamnatin tarayya a 1991, ta dawo hannun jiha a 2006. Faɗinta murabba'in kilomita 2,244, kuma a nan ne ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage a Najeriya yake. An ƙirga kusan 350 a 2006, yanzu ana maganar 100 zuwa 150. A 2014 jihar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS kan sintiri, kuma bayan watan Mayun 2015 an shafe shekaru ba a samu gawar giwar da maharba suka kashe ba. Mai karatu ya lura da abin da aka kashe kuɗi a kai, domin shi ne zuciyar maganar. Mai gadi zai shiga daji da ƙafa ya yi kwanaki, goye da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da jarkar ruwa, yana bin sawu a bakin kogin Gaji, yana kwance tarkon waya da aka ɗana a hanyar mashaya, yana kwana a ƙasa inda zai iya haɗuwa da maharbin da ya fi shi makami. Abin da ke riƙe wannan mutum a bakin aiki shi ne alawus da ake biya kan lokaci, takalmi mai kyau, man mota, da sanin cewa wanda ya kamo ba za a sako shi washegari ba. Waɗannan ba abubuwan da ake ɗaukar hoto da su ba ne, shi ya sa su ake fara yankewa idan kasafi ya matse.

Nan ne raunin hanyar tsaro. Kuɗinta ba na sau ɗaya ba ne, na kowane wata ne har abada, kuma ranar da aka daina biya, ranar komai zai fara komawa baya. Keɓe daji a takarda ba tare da masu gadi ba ya fi rashin keɓewa haɗari, domin an kori manomi da makiyayi waɗanda idanunsu ke kan wurin, aka bar fili babu kowa. Sambisa gandun namun daji ne kafin sunansa ya zama abin da ya zama. Kamuku ta Birnin Gwari ma mun ga yadda 'yan bindiga suka mayar da ita. Sai rauni na biyu, wanda ba a cika son faɗa ba: mai gadi da bindiga, idan babu mai sa masa ido, yakan koma azzalumi. Ya kama matar da ta shiga ɗebo itace, ya karɓi na goro a hannun mai shanu ɗari. Daga nan ƙauye ya ɗauke shi abokin gaba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: maharbin nesa ba ya sanin inda garke yake sai wani na kusa ya nuna masa.

Yanzu mu tsallaka Nijar, inda aka yi abin da ya saɓa wa wannan gaba ɗaya. Raƙumin dawa irin na Afirka ta Yamma, mai hasken fata, a da yana yawo daga Senegal har tafkin Chadi, har da arewacin Najeriya. Farauta da fari da sare daji suka cinye shi, har a 1996 aka ƙirga 49 kacal a duk duniya, dukkansu a yankin Kure, kimanin kilomita 60 kudu maso gabashin Yamai. Wurin ba gandun daji ba ne. Ƙasar noma ce ta Zabarmawa, da gonakin gero da wake, da shanu da awaki, da babbar hanyar mota da ta nufi Doso. Da damina raƙuman suna hawa tudu cikin kurmi, da rani su gangaro kwarin Dallol Boso suna cin ganyen gawo, itacen da ke yin kore a lokacin da sauran suka bushe. Mutum zai iya ganin raƙumin dawa tsaye a bayan rumbu, yaro na wucewa da jaki a gefensa, babu wanda ya damu da wani.

Ba a kori kowa ba, ba a kafa shinge ba. Gwamnati ta tsaurara haramcin kashe shi, malaman daji suna zagayawa, amma babban aikin shi ne an sa mutanen wurin sun ga amfanin dabbar da idonsu. Matasan ƙauyukan suka kafa ƙungiyar masu yi wa baƙi jagora, kuɗin shiga yana taɓa al'umma, ƙungiyoyin agaji suka haƙa rijiyoyi, suka ba mata ƙananan rance, suka tallafa da iri. Yau raƙuman sun haura 600. Daga 49 zuwa sama da 600 a tsakiyar gonaki, a ɗaya daga cikin ƙasashe mafiya talauci a duniya, kuma da kuɗin da bai kama ƙafar abin da ake kashewa a Zakuma ba. Ina ganin duk mai cewa talakan ƙauye ba zai iya zama da naman daji ba, ya kamata ya san wannan labari.

To me ya sa ba za a ce kowa ya kwaikwayi Kure a huta ba? Dalilai uku ne, kuma na farkon ya fi nauyi. Raƙumin dawa ba giwa ba ne. Ɓarnarsa ita ce ya ci wake, ya zari harawar da aka ɗora a kan itace, ya tsinke mangwaro. Abin haushi ne, amma ba ya rusa gida. Giwa kuwa tana cin abin da ya kai kilo 150 a yini. Garke ya shiga gonar dawa da daddare ana saura mako biyu girbi, kafin asuba an gama da abincin shekara, abin da ba su ci ba sun tattake. Manomin da ya tsaya a bakin wannan gona da safe, rijiyar da aka haƙa wa ƙauye bara ba za ta sanyaya masa zuciya ba, domin rijiya ta kowa ce, asarar kuwa tasa ce shi kaɗai. Na biyu, babu wata babbar kasuwar ƙetare da ke neman sassan raƙumin dawa kamar yadda ake neman haure, don haka matsin da ke kan Kure bai kai na Zakuma ba. Na uku, amfanin da ya dogara da baƙi yana iya yankewa a rana ɗaya. Ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga a kan babura suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da direbansu da shugaban masu jagora. Baƙi suka ɗauke ƙafa, masu jagora suka rasa abin yi. Kuma ko kafin wannan, kurmin da raƙuman ke fakewa da damina yana ta raguwa saboda itacen girkin da ake kaiwa Yamai da sababbin gonaki.

Saboda haka wanda zai bi hanyar al'umma a inda akwai giwa ko dorina ko zaki, dole ya sa batun ɓarna a gaba da komai. A kewayen Yankari an ɗauki wasu mutanen ƙauyuka a matsayin masu lura da giwa, an ba su waya, idan garke ya doso gonaki su sanar a zo a kora tun kafin a yi asara. A Kenya an gwada jera amya a kewayen gona ana haɗa su da waya, giwa ta taɓa, ƙudan zuma su tashi, ita kuwa tana tsoronsu. Manomi ya tsira da amfaninsa, ya kuma samu zuma. Diyya ma tana da muhalli, amma sai an yi hattara. Idan sai an cika takarda an yi wata shida ana zarya, gara ba a yi alkawarin ba. Wadda ke aiki ita ce wadda mai unguwa da malamin gona za su je su duba a cikin kwana biyu ko uku, a biya kafin zafin abin ya zama ƙiyayya. Haka nan maharban gargajiya: Sarkin Baka da mutanensa sun fi kowa sanin daji, kuma ɗaukar su aikin gadi ya fi barin su a waje suna kallon ma'aikaci baƙo.

Hanya ta uku ita ce ta fi burge mutane: a kiwata dabba a tsare, ko a ɗauko ta daga wani wuri a kawo. Tana da nasarori na gaske, ba zan rage musu komai ba. Mariri, farar dabbar nan ta bakin hamada mai dogayen ƙahoni da suka lanƙwasa baya, an ayyana ta ƙare a daji a shekarar 2000. Ta tsira ne kawai domin akwai ta a gidajen namun daji da garkunan masu hali a ƙasashen waje. A 2016 aka ɗauko 25 na farko a jirgi daga Abu Dabi zuwa gandun Wadi Rime-Wadi Ashim a tsakiyar Chadi, aka ci gaba da kawowa rukuni-rukuni, suka hayayyafa, har a Disambar 2023 aka cire ta daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. A Nijar ma, ganin cewa duk raƙuman dawa suna wuri guda, inda annoba ɗaya ko rikici ɗaya zai iya shafe su, a Nuwambar 2018 an kwashi takwas a manyan motoci aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su zuwa Gadabeji a jihar Maraɗi, inda rabon da a ga irinsu tun kusan shekara hamsin. An ƙara huɗu a 2022, kuma sun fara haihuwa a can.

Sai dai a dubi abin da ke bayan waɗannan nasarori. Mariri ya samu gwamnatin Abu Dabi da ta ɗauki nauyin jirage da likitoci da na'urori shekara da shekaru, ya samu fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 78,000, an kuma zauna da makiyayan wurin tun kafin a sako ko ɗaya. Kuma ko da an yi komai daidai, abin yana iya ƙi. A watan Mayun 2018 aka kawo karkanda shida daga Afirka ta Kudu zuwa Zakuma, wurin da tsaronsa ya riga ya kafu. Babu maharbin da ya taɓa su, amma cikin 'yan watanni huɗu suka mutu, aka danganta abin da cimar wurin da jikinsu bai saba da ita ba. Irin karkandar da ta san wannan ƙasa, ta Afirka ta Yamma, wadda ragowarta na ƙarshe suka rayu a arewacin Kamaru, an riga an ayyana ta ƙare tun 2011. Da an kashe wani kaso na kuɗin jirgin nan wajen gadinta shekaru ashirin kafin nan, da ba a buƙaci ɗauko baƙuwa ba.

Akwai kuma abin da ake kira kare namun daji alhali wani abu ne daban. A 2006 Namibiya ta ba jihar Bauchi kyautar dabbobi, ciki har da jakunan dawa da raƙuman dawa, aka ajiye su a dajin Sumu. Wuri ne mai kyau na kai yara su ga abin da ba su taɓa gani ba, kuma wannan ma amfani ne. Amma raƙuman Sumu irin na kudancin Afirka ne, ba irin na Kure ba, don haka yawansu bai ƙara ko ɗaya a lissafin dabbar da muke tsoron rasawa ba. Haka gidajen zu na biranenmu: zaki a keji yana koya wa yaro kamannin zaki, ba ya mayar da zaki daji. A kira su wuraren ilimi da shaƙatawa, a ba su kasafinsu da wannan suna, kada a ɗebo daga kuɗin masu sintiri.

Dokar ciniki kuwa aikin gwamnatin tarayya ne da kwastan da kotuna, ba na mai riƙe da daji guda ba. An haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, Sin ta rufe kasuwarta ta cikin gida a ƙarshen 2017, a Janairun 2024 kuma, a Abuja, Najeriya ta niƙe tan biyu da rabi na hauren da aka kama. Duk wannan yana rage matsi, amma ba ya kwance tarko ko ɗaya a bakin mashaya.

Idan ni ke riƙe da kasafin daji irin Yankari, inda dabbar tana nan da ranta kuma akwai masu nemanta da bindiga, zan fara da albashi da alawus da man sintiri, in tabbatar sun isa har ƙarshen shekara kafin in taɓa wani abu. Abin da ya biyo baya kai tsaye shi ne ɓarnar gona, domin sintirin da ƙauye ba ya goyon baya makaho ne; ko Zakuma da ake yabon bindigoginta, rediyon da ke hannun mutanen ƙauye ne ya riƙa ba ta labari. Sai batun shanu, wanda a yau ya zama babbar matsalar gandayen arewa: korar makiyayi daga gandu ba tare da an buɗe masa burtali da mashaya a waje ba, jan rigima ne kawai zuwa baɗi. Idan kuwa dabbar tana zaune ne a cikin gonaki, ba ta da haɗari sosai, ba ta da kasuwa a ƙetare, kamar raƙuman Kure ko tsuntsayen da ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, to kafa shinge da korar mutane ɓarnar kuɗi ne da jawo ƙiyayya. A nan yarjejeniya da masu ƙasa ta fi, da sharaɗin kada amfanin ya rataya a kan baƙi kaɗai, a haɗa da abin da ba ya yankewa idan hanya ta lalace, kamar zuma da kamun kifi bisa ƙa'ida da rainon gawo a gonaki. Ɗauko dabba daga wani wuri sai an cika sharuɗɗa biyu: ta riga ta ƙare a wurin ko ta taru a wuri guda mai haɗari, kuma an kawar da abin da ya kashe ta tun farko.

Saura dazuzzukan da ke hannun 'yan bindiga a yanzu. A can babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da za ta yi aiki, kuma tura malamin daji da tsohuwar bindiga ya tunkari masu manyan makamai jefa rai ne a halaka. Abin da ake iya yi shi ne a ci gaba da biyan ma'aikatan don kada su watse da saninsu na dajin, a riƙe hulɗa da dagatai da maharban kewaye ta waya, kuma a hana a yanka gandun a raba shi gonaki da sunan korar ɓarayi, domin dajin da aka sassabe ba ya dawowa ko da tsaro ya dawo.